Hangen Dala Daga Katsina: Mu Ina Namu Dutsin?

Malam Lawal: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Makon jiya na kai mahaifiyarmu Asibitin Ƙashi na Dala aka duba mata gwiwa. Da muka gama ta ce sai ta huta gidan ƙanwarta kafin mu kamo hanyar Katsina, ni kuma na ja ɗana Mustafa muka hau Dutsen Dala. Na fi shekara ashirin ina shiga Kano ta Dawanau da Kurna, ban taɓa taka shi ba sai ran nan. Abu biyu suka tsaya mani a rai. Na farko ƙanƙantarsa, don ban ko yi haki ba muka kai sama, ga gidaje sun matso har gindinsa, wasu sun fara hawa jikinsa. Na biyu tambayar yaron. Muna tsaye yana kallon birni ta ko'ina, ga Gwauron Dutse can yamma, sai ya ce, "Baba, mu ina namu dutsin?" Ban ba shi amsa ba. Shi ne na kawo maganar nan. Me ya tara mutane a gindin wanga ɗan dutsi har Kano ta zama Kano? Mu kuma da babu irinsa cikin ganuwa, me ya tara mu?

Zainab: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Amma ta yaya zai zama ƙarami? Ni na karanta tsawonsa mita 534 ne, matakalarsa kuma 999.

Malam Rabe: Zainab, ƙanwata, lambar gaskiya ce, fahimtar da ake yi mata ce ba daidai ba. Mita 534 ɗin daga doron teku aka auno. Birnin Kano kansa yana zaune wajen mita 480 sama da teku. Ki cire wannan daga wancan, abin da ya rage shi ne abin da ƙafarki za ta hau, wato wajen mita hamsin. Da a ce mita 534 ne daga titi zuwa sama, da tun daga Bichi za ki fara ganin sa ya tokare gabanki.

Malam Lawal: Matakala kuwa Mustafa ya ƙirga da ƙarfi tun daga ƙasa, 101 ya samu.

Malam Rabe: Haka ne, 101 aka fi faɗa. A ganina 999 ɗin nan shekarar zuwan Bagauda, sarkin Kano na farko, ce ta zame wa wasu ta koma kan matakala.

Abdu Daura: Madalla, tunda an ambaci Bagauda an zo gida. Malam Lawal, ka ce wa yaro asalin abin daga Daura ne. Bayajidda ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu, ya auri Daurama, aka haifi Bawo. 'Ya'yan Bawo su ne suka watsu: Bagauda ya yi Kano, Kumayau ya yi Katsina, Gunguma Zazzau, Duma Gobir, Zamna Kogi Rano, Gazaura ya zauna Daura. To ka ga Dala ma jikan Daurama ne ya raya ta. Ba a banza ake cewa Daura tushen Hausa ba.

Malam Rabe: Abdu, sarautar kam na yarda daga wajenku ake danganta ta. Amma raya Dala, a'a. Littafin tarihin sarakunan Kano ɗin nan da aka rubuta da Larabci, wanda Baturen mulkin mallaka Palmer ya fassara ya buga a 1908, shi da kansa ya ce Bagauda mutane ya tarar. Ya fara ne da wani maharbi mai suna Dala, wanda ya zo ya gina gida kan dutsen. Babban ɗansa Garageje, shi ne kakan Buzame, Buzame ya haifi Barbushe, shugaban mutanen Dala kuma mai kula da tsafinsu. Ka ƙirga zuriya nawa ke nan kafin baƙo ya iso. Kuma da Bagauda ya zo bai ma sauka Dala ba, Sheme ya zauna. Sai zamanin Gijimasu, 1095 zuwa 1134, aka fara ganuwar da ta kewaye dutsen.

Sannan a lura, littafin tsawon mulkin kowane sarki yake bayarwa, ya tsaya kan Sarki Muhammadu Bello a ƙarshen ƙarni na 19. Shekarar 999 lissafi ne aka yi da baya-baya, ana cire shekarun sarki bayan sarki. Ba wani ne ya zauna a zamanin ya rubuta ta ba.

Abdu Daura: To ai duk labarin baka ne, na Barbushe da na Bayajidda. Don me za ka ɗauki ɗaya ka ajiye ɗaya?

Malam Rabe: Ban ajiye ko ɗaya ba. Amma akwai shaidar da ba ta baka ba ce. Masu tonon kayan tarihi sun samu wurin narka tama a Dala, aka auna shekarun gawayin da ke ciki, ya nuna ƙarni na 7 ne. Wato shekara ɗari uku da wani abu kafin 999 ana hura wuta a wurin ana fitar da ƙarfe. Wannan ita ce amsar tambayar Malam Lawal ta farko, a iya fahimtata. Ba tsawon dutsen ya tara mutane ba, abin da ke cikinsa ne.

Bari in ɗan tsaya nan, don fannina ne. Duwatsun ƙasar Hausa ba iri ɗaya ba ne. Wanda ya san Dutsin-Ma ko Kwatarkwashi ko Kufena ta Zazzau ya san dutse mai sulɓi, dunƙulalle, irin wanda ake fasawa a yi tsakuwar gini. Dala ba haka yake ba. Ku dubi launinsa, ja ne, kansa kuma a baje kamar faifai. Marmara ce ta yi masa hula. Ita marmara tana samuwa ne inda damina da rani ke karɓa-karɓa tsawon dubban shekaru: ruwa ya yi ta wanke ƙasa yana tafiya da abin da ke narkewa, ya bar ƙarfe a baya, rana ta gasa shi ya ƙeƙashe. A da can, doron ƙasar wurin daidai yake da kan Dala. Ruwa ya cinye kewaye, inda hular ta yi kauri ya gagara. Dala da Gwauron Dutse ragowar tsohon doron ƙasa ne. Mutumin da ya hau Dala, kan ƙasar da ta riga kowa yake tsaye.

Kuma cikin irin wannan marmarar ake samun tama.

Sani Maƙeri: Allah ya saka da alheri Malam. Tun ɗazu nake karantawa ban sa baki ba, amma yanzu an taɓo gidanmu. Mu maƙeran baƙi ne kaka da kakanni. Mahaifina yana nan da ransa, ya haura tamanin, kuma ya sha ba mu labarin yadda kakansa ke fita daji da rani neman tama. Sai su yi sansani na kwanaki. A sari ƙirya a ƙona gawayi, don gawayin ƙirya shi ke riƙe wuta, a gina murhu da yumɓu, a jera gawayi da tama, gawayi da tama, a bar wuta ta kwana tana ci. In an fasa a sami dunƙulen ƙarfe, kashin a zubar da shi gefe. Dunƙulen nan shi za a kawo maƙera a yi ta duka da masaba kan uwar maƙera har ya zama fartanya ko gatari ko bakin kibiya.

Ku duba abin da ke cikin wannan. Mai fartanyar ƙarfe ya fi kowa noma. Mai gatari ya share daji. Mai kibiya ya ci nama ya kuma kare kansa. Duk inda maƙeri ya zauna manomi zai biyo shi, mai saye da sayarwa ya biyo manomi, sarki ya zo daga baya. Kanawa da kansu suna cewa sunan garin na wani maƙeri ne, Kano, da ya taso daga Gaya neman tama, kuma Abagayawa zuriyarsa ne. Ni abin da ke damuna, in ana labarin Dala sai a yi ta Barbushe da tsafi, a manta da masu zuga-zugi.

Hajiya Murja: Sani, me ya kashe narkar tamar?

Sani Maƙeri: Ƙarfen Turawa, Hajiya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga nan ƙarfe ya yi araha. Daga baya ga tsofaffin motoci. Wa zai kwana goma a daji yana shan hayaƙi alhali ga sifirin ɗin mota a kasuwa? Ni kaina ban taɓa ganin an narka tama ba, a bakin Baba kawai na ji.

Ustaz Kabir: Assalamu alaikum. Na ji bayanin ƙarfe kuma na ƙaru. Amma 'yan'uwa mu ji tsoron Allah cikin yadda muke ɗaukaka wurin nan. Wurin bautar Tsumburbura ne. Nan ake yanka baƙin kare da baƙar kaza da baƙin bunsuru ga wanin Allah. Yau a ce a gyara, gobe a ce a riƙa kai yara, jibi wani ya je neman biyan buƙata. Haka shirka ke fara shigowa, da girmama wuri. Ni da za a bi tawa a bar shi kawai, in gidaje sun cinye shi sun cinye.

Zainab: Allah gafarta Malam, to Fir'auna ma ai ana karanta tarihinsa.

Ustaz Kabir: Karantawa daban, zuwa ziyara da ɗoki daban.

Malam Rabe: Ustaz, tsoronka yana da tushe, ba zan raina shi ba. Amma gyara ɗaya. A littafin nan, wurin tsafin wata bishiya ce da aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai Barbushe. Shi kan dutse yake zaune, saukowa yake yi sau biyu a shekara ya shiga wurin bishiyar, jama'a na jiran abin da zai fito ya faɗa masu. Kuma an rushe wannan wuri tun zamanin Sarki Tsamiya, 1307 zuwa 1343. Bayansa, a mulkin Yaji, Wangarawa suka zo daga Mali aka tsai da salla. Abin da kake tsoro ya fi shekara ɗari shida da faɗuwa. Abin da ya rage dutse ne, halittar Allah.

Baba Iro: Kabiru, ɗana, bari tsoho ya sa baki. Na yi aikin Hajji, na yi safa da marwa da ƙafata. Malamanmu sun karantar da mu cewa a jahiliyya akwai gumaka kan duwatsun nan biyu, har sahabbai suka ji nauyin kewaya su bayan Musulunci, sai aya ta sauka cikin Baƙara ta ce ba laifi. Ba ina haɗa Dala da su ba, Allah ya kiyaye, su alamomin Allah ne da nassi. Abin da nake nufi, gunki aka kawar, ba a ce dutsi ya yi laifi ba. Kuma Alƙur'ani ya ce mu yi tafiya cikin ƙasa mu dubi yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance. In an bari wuri ya ɓace, me za a duba?

Ustaz Kabir: Na ji Baba, Allah ya ƙara girma. In don wa'azi da ilimi ne ban hana ba. Amma ina nan kan bakata cewa duk malamin da zai kai yara ya fara gaya masu wane ne ya halicci dutsen, kuma in an ga mai ɗaure-ɗaure ko binne-binne a wurin a hana shi.

Baba Iro: Wannan kam babu mai ja da kai.

Hajiya Murja: Ni a Kano na yi aurena na fari, shekara tara ina cikin birni, kuma Dala da na sani ba ta tsafi ba ce. Ta Takutaha ce. Kwana bakwai bayan Mauludi, ranar suna, yara da 'yan mata su ci ado su yi ta hawa dutsen tun safe, har ba ka ganin jar ƙasar sai kalar atamfa. Kamar dai yadda ku Daurawa kuke cika gari da Sallar Gani a wannan watan, Abdu. Nakan riƙe hannun 'ya'yan kishiyata mu hau tare, mu nemi rufin gidanmu daga sama. Bara na koma biki na ce a kai ni in gani. Wallahi ban iya kaiwa sama ba, ba don gajiya ba. Shara ce ta ko'ina, ga bahaya a gefen matakala, ga samari zaune a lungu suna shaye-shaye, mace ita kaɗai ba ta yi gigin wucewa ba. Na dawo mota na yi shiru har gida.

Malam Lawal: Haka na tarar Hajiya. Kuma ta wani gefen na ga ƙasa ta zaizaye ta yi rami ƙarƙashin dutsin, ga gida a ƙasansa da yara suna wasa a tsakar gida.

Malam Rabe: Wannan shi ya fi tayar mani da hankali. Ku tuna na ce hula ce. Abin da ke ƙarƙashin marmarar ƙasa ce mai laushi. Duk wanda ya yanki gindin dutsen don ya ƙara ɗaki, ko ya ɗebi jar ƙasa, ya buɗe wa ruwa ƙofa. Damina ta rarake ƙasan, hular ta rasa abin da za ta zauna a kai, sai ta ɓalle guntu-guntu. Dutsin-Ma ko shekara nawa aka yi ana gini a gindinsa yana nan yadda yake. Dala ba zai jure wannan ba. Tun 2007 Najeriya ta sa shi, tare da ganuwar Kano da Kasuwar Kurmi da gidan Sarki, cikin jerin wuraren da take neman UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Sa suna a takarda kuwa ba ya tare ruwan Agusta.

Abdu Daura: Amma su mutanen da ke gindin fa? Talakawa ne, wasu nan aka haifi kakanninsu. Kada maganar gyara ta zama a rushe masu gidaje a bar su a titi.

Malam Rabe: Gaskiyarka. Su ne ma farkon waɗanda dutsen zai faɗo wa. Ni abin da nake gani, a ja iyaka inda gini ya tsaya yau, a yi magudanar ruwa, a ɗauki samarin unguwar su zama masu gadi da masu yi wa baƙi bayani. Wanda gidansa ke ƙarƙashin rami a biya shi ya matsa.

Baba Iro: Zamanin da nake tuƙin babbar mota, in ka baro Dawanau da rana tsaka kana iya hango shi can gaba, ka san ka kusa. Amma da sauran tafiya, shi ya sa aka ce hangen Dala ba shiga birni ba. Fataken da, masu jakai da takarkarai daga nan Katsina, da shi suke gane sun iso. Yanzu benaye sun rufe shi, sai ka zo dab da shi ka gan shi ta tsakanin gidaje. Jikokina suna faɗin karin maganar ba su san akwai ranar da ake hangen da ido ba.

Zainab: Baba ashe abin a zahiri ne! To Malam Lawal har yanzu ba a ba Mustafa amsarsa ba fa.

Malam Lawal: Ita nake jira.

Malam Rabe: Ƙasar Katsina ba ta rasa duwatsu ba. Dutsin-Ma sunan wani maharbi Ma da ya zauna wurin ta ɗauka, ka ga labarin ya yi kama da na Dala. Kwatarkwashi, da ke Zamfara yanzu, a da ƙarƙashin Katsina take, kuma dutsenta da tsafin Magiro sananne ne. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya yi rubutu mai zurfi kan yadda garuruwan ƙasar nan suka taso. Amma birnin kansa a fili yake, kuma ni a ganina hanya ce ta tara mu. Nan ayarin da ya ƙetaro Sahara ta Agadas yake sauke kaya, nan malamai suka zauna, irin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani. Baturen Jamus ɗin nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, sai da ya sauka Katsina a farkon 1851 kafin ya wuce Kano, inda ya hau Dala ya zana birnin daga sama.

Hajiya Murja: Ku kuna ta nisa. Ka kai yaro Gobarau mana! Da ba a ba mu dutse ba ai sai muka gina namu da ƙasa. Hasumiya ce mai wajen mita 15, ana danganta ta da zamanin Muhammadu Korau, daga kanta ake kiran salla kuma ake hango mai zuwa. Muna yara babu ginin da ya kai ta, ita ma yanzu sai ka shiga lungu kake ganin ta.

Abdu Daura: Mu kuma namu ƙasa ya nufa, ba sama ba. Kusugu har gobe da ruwanta.

Baba Iro: Akwai wanda kuka manta, kuma ya girmi Gobarau. Durɓi ta Kusheyi, ƙasar Mani. Tuddai ne manya da aka tara da hannu kan kaburburan sarakunan Durɓawa, waɗanda suka mulki ƙasar kafin Korau ya kada Sanau ya karɓi sarauta. Har yau hakimin Mani shi ne Durɓin Katsina. Palmer ɗin nan da Rabe ya ambata ya tona wurin a 1907, aka sake tonawa a 1992. Mutum nawa cikin zauren nan suka taɓa zuwa? Muna jimamin abin da ruwa ke yi wa dutsin Kanawa, namu tudun ƙasa ne zalla, ba shi da ko hular da Rabe ke faɗi.

Zainab: Ni ban taɓa ba, kuma kakata 'yar Mani ce.

Ustaz Kabir: Ni ma ban taɓa ba. In za a je da niyyar ganin ƙarshen masu mulki, ku sa da ni.

Malam Lawal: To Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu. Motata na ɗaukar mutum huɗu ban da Mustafa, mu haɗu Ƙofar Durɓi ƙarfe takwas. Baba Iro kai ne jagora. Sani, wata magana kuma. Jiya uwar yaron za ta wanke wandonsa ta tarar da wani jan dutsi a aljihu, mai nauyi, da ƙananan ramuka a jiki. Ya ce a gefen matakalar Dala ya tsinta. Na yi mashi faɗa kada ya ƙara ɗauko komai daga irin wuraren nan, amma tun da na karanta mashi bayaninka ya hana ni sakat, wai shi tama ya samo.

Sani Maƙeri: Ka kawo mani shi da dutsin nasa maƙera ranar Juma'a. Baba in ya ɗaga a tafin hannu ya kankara da awartaki zai gaya mashi ko tama ce ko kashi. Ku zo kafin a tafi masallaci, bayan nan ba ya fitowa.